Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Litinin, 4 ga Maris, 2019

Mutumin da kwamitin amintattu suka ɗauko ya iso. Wendell Tibbs, siriri, mai tabarau. Wai zai auna lafiyar ƙungiyarmu, Ƙofa Buɗe. Na ce masa, "Ƙofa Buɗe ko mura ba ta yi." Ko murmushi. Shekara ashirin da biyu ina tarbar waɗanda suka fito daga kurkuku a nan Toledo, ina nema musu aiki da ɗaki, yau baƙo ne zai gaya mini ko muna da amfani.

Na kai shi bangon da muke liƙa hotunan waɗanda suka samu aiki. Ya yaba. Sai ya ce, "Madam Dubek, yaushe rabonki da jin labarinsu?"

Alhamis, 7 ga Maris

Tibbs yana ganin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Yolanda mataimakiyata ta yi awa biyu a ciki, ta fito ido jajur. Na ce, "An gama cin namana?" Ta ce, "Haba Mama Corinne, ko launin labule ba ma iya zaɓa sai kin sa baki." Da wasa ta faɗa. Ina jin da wasa ne.

Talata, 12 ga Maris

Dusar ƙanƙara tun safe. Kofi kawai na iya sha.

Juma'a, 15 ga Maris

Tibbs ya bi sawun mutum goma sha ɗaya da suka daina zuwa. Ni duk zatona rayuwa ce ta miƙe musu. Bakwai sun koma kurkuku. Ya je can ya gan su.

Har da Cletus Varga. Cletus! Wanda na goge wa riga da hannuna ranar da zai je neman aikin walda.

Tibbs ya karanta mini maganarsa: "Da na koma shan ƙwaya, sau uku ina zuwa har bakin ƙofa. Sai in hango hotona ta taga, in juya. Mama Corinne ta gaya wa duniya ni ne abin alfaharinta. Da wane ido zan kalle ta?"

Na ce ai ban taɓa korar kowa ba. Ya ce, "Su ma haka suka ce, dukansu. Ba tsoronki suke ji ba, kunyarki ce." Ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Da ma mugu ne, da na samu wanda zan tsana.

Lahadi, 17 ga Maris

A coci na kasa waƙa. Anton ƙanena nake tunani. Wata biyar da fitowarsa daga kurkuku aka tsinci gawarsa a wani ɗakin haya, layi biyu daga gidana. Saboda shi na kafa ƙungiyar. Duk taron da na tsaya sai na ce rashin wurin zuwa ne ya kashe shi.

Yana da wurin zuwa. Makullin gidana na cikin aljihunsa.

Laraba, 27 ga Maris

An karanta wa kwamiti rahoton. Shawara biyu: a buɗe zama na dabam ga waɗanda ƙafarsu ta zame, wanda ba ni a ciki, kuma a fara miƙa wa Yolanda ragama. Halvorsen, shugaban kwamitin, ya ce, "Corinne, ba fa wanda ke korarki." Na ce, "Sannu da ƙoƙari, kai da ba ka san sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba." Yolanda ta kama hannuna, na fizge.

Ban kyauta mata ba.

Litinin, 1 ga Afrilu

Yau aka fara zaman, ƙarfe huɗu, a wani ɗaki bayan shagon wanki. Ban ce na yarda ba. Hanya ce kawai ta biyo da ni, na tsayar da mota a tsallaken titi.

Mutum huɗu suka shiga. Ta ƙarshe Renata ce, wadda nake ta gaya wa mutane tana can Detroit tana aikin jinya. Ta rame ƙwarai. Ta tsaya a bakin ƙofa tana waige-waige, hannu a kan mariƙi, kamar za ta fasa.

Na zame ƙasa a kujerar mota har sai da ta shige.

Bayana ne ke ciwo kwanan nan, shi ya sa.