Tango da Katafila

Garki, Abuja
4 ga Mayu, 1992

Yaya Mashkura,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da ɗalibanki.

Wani ofishin jakadanci ya kawo makaɗa daga ƙasarsu don taya murnar ƙaurar gwamnati daga Legas. Ranar Asabar da yamma za a yi kiɗa da rawar tango, ga katinki na haɗo. Zan aiko mota Durumi da azahar. Ki taho da Inna ta zauna wurin matata, ku kwana a nan. Don Allah kada ki ce a'a.

Ƙaninki,
Nasrullahi


Orozo
13 ga Mayu, 1992

Nasrullahi,

Wa'alaikumus salam. Muna raye. Inna tana gaishe ka, don ban gaya mata abin da na gane ba.

Na ga tangonka. Makaɗa sun fi hamsin, duk cikin baƙaƙen kaya, yawancinsu da goge a wuya, wani tsoho yana kaɗa musu sanda. Mace da namiji suka fito ƙirji a haɗe, fuska a murtuke, yana zura ƙafarsa tsakanin nata kamar mai shirin kayar da ita. A takardar da aka raba na karanta cewa talakawan bayan gari ne suka ƙirƙiro rawar. Manyanka suka yi ta tafi. Kai kuwa agogo kake ta dubawa, kuma ko sau ɗaya ba ka yarda mun haɗa ido ba.

Da hantsin Lahadi direbanka ya mayar da mu Durumi, ya rasa inda zai tsaya. Ashe katafila ta zo tun ƙarfe takwas, rabin unguwa suna coci.

Ka san yadda ake yi. In an ji rusau na tafe, yini ɗaya ya isa a cire kwanon rufi da ƙofofi, a je a kafa a wani wuri. Wannan karon ko ƙusa ba wanda ya tsira da ita, ga damina ta kama. Littattafan da na yi shekara ashirin da biyu ina tarawa suna ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya bi ta kansu sau biyu.

Ba su ne suka sa na ɗauki biro ba. Kowa ya ga motar gwamnati ta ɗauke ni da uwata ana gobe za a rushe. Christina, wadda katanga ɗaya ta raba mu shekara takwas, ta tsaya a gaban jama'a ta ce, "Malama, kin sani, kin gudu, kin bar mu." Yaran da na koya wa karatu an hana su gaishe ni.

A ofishinku ake tsara ranakun rusau. Ka zo Orozo, makarantar firamaren da aka jibge mu, ka faɗa musu da bakinka cewa ban sani ba. Iyakar abin da nake nema ke nan.

Yayarka,
Mashkura


Garki, Abuja
18 ga Mayu, 1992

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban girma. Na karanta, kuma ban musa ba. Na ga sunan layinku tun ranar biyu ga wata. An hana mu faɗa, kuma na san halinki, da na gaya miki da kafin magariba duk Durumi sun ji. Inna tana da hawan jini, ban so ta ga katafila a ƙofar ɗakinta ba. Abin da na iya ke nan.

Zuwa Orozo ba zai yiwu ba. In na tsaya gaban mutane na faɗi haka, aikina ya tafi, har gidan da nake ciki. Ku dawo wurina, akwai ɗaki. Mutanen za su manta. Ki ƙona wannan takarda in kin gama.

Ki gafarce ni,
Nasrullahi


Orozo
22 ga Mayu, 1992

Nasrullahi,

Salamu alaikum. Ban ƙona ba. Jiya na tara mutanen Durumi a aji uku na karanta musu, da Hausa, sannan na juya da Turanci. George, da ke haɗa takardun kai ƙara, ya karɓa ya miƙa wa lauya. Ranar Litinin za su shigar, da sunanka a ciki.

Christina ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, ai ɗan uwarki ne," ta ɗauke tabarmarta daga kusa da tamu.

Inna ma tana wurin, ta ji komai. Ta ce kada ka zo.

Allah ya tsare,
Mashkura