Baba Audu Ya Gyara Abin da Bai Lalace Ba

Asabar, da dare

Faci kawai na kai a yi wa kekena wurin Baba Audu, a unguwar Television. Da na koma ɗauka sai ya ce, "Ɗana, fedar kekenka ba ta tsayawa, sai juyi. Na sa maka firiwil, yanzu ƙafarka ta huta."

Ni kuwa saboda juyin nan na sayi keken. Taya ta juya, ƙafata ta juya. Na danne feda, ya rage gudu. Nan daɗin yake. Yau na gangaro unguwar Mahuta zaune kamar buhun masara, keken na tafiyarsa ba ruwansa da ni.

Abin da ya fi ba ni haushi, tsohon ya tsaya yana murmushi, yana jiran godiya. Kuma na yi masa, har da rusunawa.