Gambar da Ka Tumɓuke

Yaya Ɗanliti,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ni nan Aljeriya lafiya lau, sai ɗan tarin siminti, kada ka gaya mata.

Matarka ta ce taswirar jiha ta bar mana gonar Gubuchi cif, ta ƙaramar hukuma kuwa ta kai rabinta cikin ta maƙwabci. Wai ma'aikatan biyu za su zo tare su duba iyaka da idonsu. Me za su gani? Gambar da Baba ya dasa a iyakar, ka tumɓuke don ƙarin kunya uku na rake!

Allah ya shirye ka. In sun zo, ka nuna musu wurin, in ka tuna.

Ƙaninka,
Zakiyyu