Hoto na Sha Tara

Ƙurban, Madina

Yaya Abdulfattah,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da su Yaya Amatullah. 'Yarka Najiba lafiya ƙalau, karatu take yi, ranar hutu ta taya ni ɗinki.

Shawara nake nema, tunda ka shekara talatin kana ɗaukar hoto. Na ɗinka abayoyi tara na Sallah, na kira wani Osman, Bahaushen Sudan, ya ɗauke su don talla. Sai ya ce shi da fim zai yi. A wannan zamanin, Yaya? Ya kawo iri biyu. Mai lamba ɗari huɗu, wai yana tausasa fata. Mai lamba ɗari, wai yana fito da launi sosai kuma ba ya tsaki-tsaki idan an faɗaɗa hoto. Ya zaɓi na biyun, tunda maƙwabciyata Sumaya da ta sa kayan da niƙabi ta tsaya, yadin ne abin kallo.

Ya aika fim ɗin Jidda a wanke a yi sikanin. Yau kwana goma sha biyu ban ga komai ba. Jiya kuwa na ga makubar abayata, mai aikin zare a hannu, a shafin intanet na wani shago da ke unguwar Jurf, har suna karɓar oda. Wata biyu na yi a kan zanen nan. Anya fim ɗin ba dabara ba ce don kayana su riga ni fita?

Ƙanwarka,
Munirat

Fagge, Kano

Munirat,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya.

Zaɓinsa daidai ne. Makuba launi ne mai wuya, kan fim mai laushi sai ya koma ruwan ƙasa. Amma iya aiki daban, amana daban. Ban san mutumin ba, ban kuma san hannu nawa fim ɗin ya bi a Jidda ba.

Idan hotunan sun iso, kada ki tsaya kallon kyansu. Kowane hoto yana da lamba a gefen nagatif, ɗaya zuwa talatin da shida. Ki ƙirga. Ki kuma karɓi nagatif ɗin da kansa. Kafin nan ki kama bakinki, na san halinki.

Yayanki,
Abdulfattah

Ƙurban, Madina

Yaya,

Bayan gaisuwa. Hotunan sun zo, kuma wallahi sun yi kyau, har saƙar yadin ana gani. Na ƙirga, talatin da biyar. Babu na sha tara, kuma makubar ce daga sha bakwai zuwa ashirin.

Na je ɗakin hotonsa a unguwar Ranuna. Na ce, "Ina na sha tara?" Ya ce, "Bai fita da kyau ba, ya Hajja." Na ce ya nuna min in gani. Ya ce, "Ma'alesh, ki yi haƙuri, ki bar wannan." Nan na manta da gargaɗinka. Na ce masa shi ne hoton da ya sayar, shi ya sa yake ɓoye shi, a gaban mutum biyu da suka zo ɗaukar hoton iƙama, wato katin izinin zama. Ya buɗe durowa, ya miƙo min ambulan ɗin nagatif, ya koma kan aikinsa.

Na kai wani wuri an yi min sikanin na sha taran, mafi girman da injinsu ke iyawa. Ga shi na haɗo maka. Ni ban ga komai ba, Sumaya ce kawai tsaye gaban taga. Hoton ma ya fi sauran kyau. To me yake ɓoyewa?

Munirat

Fagge, Kano

Munirat,

Gaisuwa. Kwana biyu ina juya yadda zan rubuta wannan.

Na fara da hoton shagon Jurf, na nemo shi a shafinsu. Na waya ne, kuma daga gefe aka ɗauke shi, alhali Osman a gaba yake tsaye. Sai na koma na sha tara, na faɗaɗa gilashin tagar da ke bayan Sumaya. Da fim mai tsaki ne da inuwa kawai zan gani. Wannan kuwa ya fito da komai. Najiba ce, da waya a ɗage.

Na kira ta. Ta fara musu, daga baya ta fashe da kuka. Ta ce ƙawarta ta tura wa hoton don ta nuna aikin gwaggonta, ba ta san yayar ƙawar ce mai shagon ba. Da ta ga hoton ya fita sai tsoro ya hana ta magana, tana kallo kina zargin wani. Wannan shirun ya fi min ciwo.

Osman ya ga abin da na gani, ya cire hoton don ya rufa wa 'yata asiri. Ni ma na zuga ki a kansa. Ki je da Najiba, ku ba shi haƙuri a inda kika faɗa masa maganar, ki haɗa da nawa.

Yayanki,
Abdulfattah

Ranuna, Madina

Hajja Munirat,

Assalamu alaikum. An ce kun zo sau biyu ba ku same ni ba. Na karanta takardar da kika bari.

Yarinyar kada ki matsa mata, ina da kamarta biyu a gida. Ke ma na yafe, halas. Mutum biyun nan kuwa maƙwabtana ne, ɗayansu ya riga ya hana matarsa kawo min aiki. Sunansa Abdulsalam, gidansa na uku daga shagona. Idan akwai wanda za ki yi wa bayani, shi ne.

Maganar ɗaukar hoton kayan babbar Sallah da kika rubuta, ki ba ni lokaci in yi tunani.

Allah ya sa albarka a sana'a.
Osman