Ki Ɓoye Makullin Motar Nan, Yaya

Assalamu alaikum Yaya Babba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya lau, ke da Baban Biyu da 'yan biyunmu. Allah ya ƙara lafiya, ya raba ki da ciwon bayan nan da kike ta fama da shi. Mu nan kowa ƙalau. Mama ta samu sauƙi, ƙafar ta daina kumburi, har ta koma faɗa da mai gyaran famfo, kin san ita in ta fara faɗa to lafiya ta samu. Na san kina ganin rubutu za ki ce yau kuma me ya sami Mai Caji, wadda rabonta da biro tun ranar da ta baro makaranta. Wallahi sau uku ina ɗaukar saƙon murya ina gogewa, don na san halinki, a lasifika kike buɗewa kina wanke-wanke, kuma maganar nan ba ta kunnen kowa ba ce. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki ke kaɗai, ba a guruf ɗin gida ba. Ki nemo tabarau, in kin ga kuskure ki haɗiye.

Maganar zuwanmu wajenki ce a dogon hutun nan. Biza dai kin san ta fito, mu biyar: Yaya Birki, matarsa Maman yara, 'ya'yansu Lauya da Dogo, sai ni mai riƙe da waya da tikiti. Tun farko ni na kawo shawarar mu yi sati biyun nan ba mota. Mu sauka daga jirgin sama, mu hau jirgin ƙasa har garinku, daga nan yawon bakin tafki da kallon gari duk a jirgi da bas da ƙafa. Wata mata na gani a bidiyo ta yi haka da 'ya'yanta, kowa da jakarsa a baya suna ta dariya, na tura wa Maman yara, ta ce in na shawo kan mijinta ita ta shirya. To kin san ƙaninki Yaya Birki. Mutumin da ya shekara ashirin yana koyar da tuƙi, wanda ko shagon ƙasan gidanmu zai je sai ya lalubi makulli. Da na faɗa masa sai ya kalle ni kamar na ce ya bar ƙafafunsa a gida. Wai hutu ba mota ai ba hutu ba ne, gudun hijira ne.

Yaran ma da farko ba su ba ni haɗin kai ba. Dogo, da shekara sha biyar ɗinsa da tsawonsa kamar sandar fitila, abu biyu kawai ya tambaya, ko akwai wajen caji a jirgin, ko kuma ana cin abinci a ciki. Da na ce e, ya ce shi ya gama, a kira shi ranar tafiya. Ita kuwa Lauya, kin san tun da aka ba ta gurbin karatu a can nesa ta ƙara zama mai tambayar ƙwaƙƙwafi, ta karɓi wayata ta bi tsarin tafiyar layi-layi, sai ga shi ta gano inda na ɓoye. A tsakiyar hanya akwai canjin jirgi, kuma minti shida ne kacal tsakanin saukarmu da tashin na biyun. Ta faɗa da ƙarfi a gaban babanta. Yaya Birki har da tafi. Ya ce gidan da ake shafe minti arba'in ana neman takalmi ɗaya, shi ne zai canja jirgi a minti shida?

Ni kuma ban yi ƙasa a gwiwa ba. Na nemo bidiyon wani bawan Allah da ya ɗauki tashar nan yana tafe, na kalla sau tara, na ƙirga matakala talatin da takwas a sauka, a bi ta ƙarƙashin ƙasa, a sake hawa talatin da takwas. Na ce ai benenmu ma kusan haka yake. Sai Yaya Birki ya yanke hukunci, ya ce a yi gwaji kamar yadda yake wa ɗalibansa. Kowa ya haɗa kayan da zai tafi da su, mu sauko daga hawa na uku, mu ƙetare tsakar gida, mu hau benen da ke kallon namu. In mun ci, ba mota. In mun faɗi, zai yi hayar mota tun daga filin jirgi.

Yaya, da kin ga ranar Asabar ɗin nan da safe! Ya fito da agogonsa na jarrabawa da allon nan mai matse takarda, fuska a murtuke. Zagayen farko minti goma sha ɗaya muka yi. Akwatin Maman yara sai da mutum biyu suka kama, da aka buɗe sai ga dutsen guga, da injin markaɗe, da tsarabarki da ta kai ta buɗe shago. Lauya littattafai bakwai ta zuba. Dogo jakarsa shafal, muna ta yabonsa, ashe takalmin ƙwallo ne da caja biyu, ko wandon canji babu. Ni ba sai na faɗi nawa ba, amma tunda na san za a kai miki rahoto, e, na saka fitilar nan tawa mai zobe ta ɗaukar bidiyo, da ƙafarta, da takalma ƙafa biyar. A zagaye na biyu tayar akwatina ta fice, ta riga mu sauka, ta ci jarrabawa ita kaɗai. Muna cikin haka telan da ke ƙasa ya fito da awo a wuya, ya yi mana jaje, sannan ya ja Maman yara gefe yana tambaya ko ɗakunan sun tashi ne, wai ƙanin matarsa yana neman waje.

Minti takwas muka yi a wannan zagayen, Yaya Birki yana ta rubutu yana murmushi. Sai Lauya ta gyara tsayuwa irin ta kotu, ta ce ita tana da ƙorafi, wai shi mai jarrabawar ba ya cikin tafiyar ne? In yana ciki, ina jakarsa? Dole ya je ya ɗauko, ya miƙa wa tela agogon. Tun hawa na biyu muka ji jakar tana ƙara, ƙwal-ƙwal, shi kuma yana haki, don rabonsa da ɗaukar kayansa tun da aka ƙirƙiro but ɗin mota. Lauya ta nemi a buɗe. Yaya, sifanun gyaran mota ne! Saiti guda, da ma'aunin iskar taya, da igiyar jan mota. Aka tambaye shi motar wa zai ja, ya ce mutum bai san abin da zai taso a hanya ba. Maman yara dariya har da zama a kan matakala. Aka zazzage kowa, har da fitilata, Allah ya jiƙanta. Zagaye na huɗu tela ya ɗaga hannu ya ce minti biyar da sakan arba'in.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Da yamma muka ce tunda an fara a ƙarasa, mu je kasuwa a bas mu sayo jakunkunan goyo. Yaya Birki ya zauna daidai bayan direba, yana taka birkin da babu, yana gaya wa mutumin ya ba da hannu, ya rage wuta, ya duba madubi. Tasha uku direban ya yi haƙuri, a ta huɗu ya roƙe shi don Allah ya koma baya. Kujera ɗaya ce ta rage, irin mai kallon bayan nan, kuma daidai gaban Lauya. Gwiwa da gwiwa. Ba titi a gabansa, ba madubi, ya rasa inda zai ajiye idonsa, sai ya ajiye a fuskar 'yarsa. Can na ji ya tambaye ta yaushe ta canja tabarau. Ta ce wata bakwai ke nan. Sai ta ce masa kar ya damu, ita ma ƙeyarsa ta fi sani, tun tana kan kujerar jarirai ita take kallo, ko yanzu aka ba ta takarda za ta zana ninkin nan biyu da ke wuyansa. Na zaci zai hau faɗa. Dariya ya yi, sannan ya tambaye ta makarantar da za ta tafi. Ta fara da gatse irin nata, can muryarta ta sauka, ta ce tsoro take ji, ba ta san kowa a can ba, kuma ba ta faɗa wa kowa ba don kowa ya ɗauka ita ba ta jin tsoro. Na ɗaga waya zan ɗauka, Yaya, sai na mayar da ita jaka. Ni ɗin nan. Muka wuce tasharmu da tasha biyu, mutumin da bai taɓa ɓata hanya ba ko a jikinsa.

Muna cikin wannan daɗin sai ga kiranki shekaranjiya, a lasifika, kina cewa ga motar Baban Biyu nan a ajiye ba mai hawa, za a kai masa har filin jirgi ya riƙe duk sati biyun. Na san alheri kika nufa, amma kin kwance mana aikin matakala ɗari uku. Tun daga lokacin yake kallon bidiyon dokokin hanyar ƙasarku, sifanun sun koma jaka, ni na leƙa na gani. Lauya ta ɗauki abin jin waƙarta ta toshe kunne. Ita ce fa ta zaɓi kujerun jirgin ƙasan da hannunta, masu tebur a tsakiya, ta sa kanta daidai gaban babanta, awa huɗu cur. Kuma muna dawowa da sati uku za ta tafi. In ya karɓi makullin nan, ƙeya za ta sake kallo har hutun ya ƙare.

Kar ki ce masa motar ta lalace, wallahi murna zai yi, ya zo da kayan aiki. Kar ki ce an sayar, zai nemi ganin takarda. Ga abin da na lura. Yau da safe ya same ni a kicin, yana kallon tukunya ba ni ba, ya tambaya wai in mutum bai hau jirgin ba, kujerar tasa wa ake ba. Na ce duk baƙon da ya zo. Ya tsaya yana sosa ƙeyar nan tasa, ya ce ai ba daɗi babbar yaya ta yi wa mutum tayi ya ƙi. Kin gani? Kunya ce ta riƙe shi, hanyar fita yake nema. Ke kaɗai ce yake jin tsoronki tun ranar da kika kama shi da keken Baba. Ki kira shi, ki yi muryar nan taki, ki ce kin fasa, ba dalili. Zai yi gunaguni kwana biyu don a san shi ne, shi ke nan.

Ki gaishe min da Baban Biyu, ki ba shi haƙuri a kan motarsa da muka ƙi. Ki shafa min kan 'yan biyu, ki ce Anti tana tafe da jaka ɗaya tal, kar su sa rai da yawa. Mama tana gaishe ki, Maman yara ma, ta ce injin markaɗen naki sai wani zuwan. Dogo ya ce a tambaye ki lambar intanet ɗin gidanki tun yanzu. Ranar da za mu iso ki zo tasha ki tarye mu, amma don girman Allah a ƙafa. In kin ga ƙaninki ya sauko yana surutu da 'yarsa bai ma lura da ke ba, kar ki ji haushi, ki zo ki kama min jaka.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Mai Caji