Keken da na mayar Argungu

Litinin, 5 ga Yuli, 1965
Innalillahi. Sahabi ya dawo hutu daga jami'a, kuma sai a bakin ƙanwarsa Kulsumi na ji: an zaɓe shi ninƙaya, wai zai je Turai gasar ɗaliban jami'o'in duniya. Ninƙaya! Yaron da na tura ya karanta ilimin noma. Ubansa na kwance a kabari, shi kuma zai tuɓe a gaban matan mutane.

Talata, 6 ga Yuli
Na ga wandon ninƙayar. Ko rabin cinya bai kai ba. Na ce, "Wanga shi ne digirin?" Ya ce, "Inna, kowa irinsa zai sa." Na ce in kowa ya faɗa rijiya fa? Ya yi dariya: "Ai ni zan fito, Inna." Rashin kunya.

Juma'a, 9 ga Yuli
Ya yi mini bayani, ban tambaye shi ba. Akwai babban kwamiti can Turai, kowace ƙasa kuma da nata ƙarami, su ke tantancewa. Sai ɗalibi na gaske, mai shekarun da suka iyakance, wanda bai taɓa cin riba da wasa ba. Manyan mutane masu gemu su zauna taro a kan iyo. Duniya ina za ki da mu?

Litinin, 12 ga Yuli
Baƙo daga kwamitin ƙasa, Malam Oladipo, ya sauka wurin ɗan'uwansa mai kanti a unguwar Nasarawa. Hausarsa fes. Ya zo gidanmu, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Mama, an kai ƙarar ɗanki." Wani ya shaida musu Sahabi ya ci keke a tseren ruwa na bikin Argungu shekaru uku da suka wuce. A dokarsu, wanda ya riƙe kyauta mai tsada ya zama ɗan sana'a, ba ɗalibi mai wasa ba. Za a cire shi, sai in an nuna bai amfana da keken ba.

Sahabi ya ce, "Inna ta ƙwace shi ran da na kawo. Ban san inda ta kai shi ba."

Suka dube ni. Na ce ina da tukunya a wuta.

Talata, 13 ga Yuli
Na san inda na kai shi mana. A bayan akori-kura na ɗora shi har Argungu, na danƙa wa Labbo, tsohon da ke shirya tseren, na ce ɗana ba ya cin abin da tsiraici ya jawo. Ban gaya wa kowa ba.

In na yi shiru, magana ta mutu, ya koma kan littafinsa. Abin da nake roƙo ke nan.

Laraba, 14 ga Yuli
Bai ci tuwo ba. Bai roƙe ni ba kuma, wannan ya fi ciwo. Kulsumi ta ce, "Inna, ba ke ke cewa ɓoye shaida ƙanin ƙarya ne ba?" Na kore ta ɗebo ruwa.

Alhamis, 15 ga Yuli
Mun je Argungu da Malam Oladipo. Don gaskiya na je, ba don ninƙaya ba. Labbo na ganina ya ce, "Malama mai faɗa, kin zo karɓar kayanki?" Keken na rataye a zaurensa, duk tsatsa, takardar kanti ma na jikin sirdin. Ya ce ya ji tsoron ba wa wani shi, kada in dawo. Oladipo ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Mama, faɗanki ya fi dokarmu tsanani." Sahabi zai tafi.

Ni da hannuna. Subhanallahi.

Lahadi, 18 ga Yuli
Jiya na ƙara wa wandon ƙyalle har gwiwa. Yau da safe na bi ta fadamar Zauro duba shinkafa, na tarar da shi a ruwa yana gwadawa. Ƙyallen sai jan shi baya yake yi. Duk da haka ya ci gaba da iyonsa.

Na warware ɗinkin. Zaren ne ba shi da kyau.