Toci Lamba Tara

Gwarzo,
3 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga Bappana, Bappa Ahmadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Kabo. Yaya ƙafa, yaya idon? Matata Zinnira tana gaishe ka, ta ce man shanun ya iso. Da kunnenka yana ɗaukar waya da kiranka zan yi, amma tun da ƙarar injin giranda ta cinye shi, ga takarda a hannun direba.

Bappa, shawara nake nema. Matan ƙungiyar madara na Dugabau sun kawo mini tulunan silba goma sha ɗaya masu yoyo a wuya da gindi. Shugabarsu Furera ta ce ba wanda zai taɓa musu tulu sai shagon Bappa. Har yau haka ake kiransa, ko da yake shekara goma sha huɗu ke nan da ka miƙa mini mukulli. Damina ta sauka, nono ya yawaita, suna jirana.

Kai ka koya mini waldar gas ɗin agon: tocin walda a dama, wayar ciko a hagu, allurar bakin tocin tana tafiya dab da narkakken ƙarfe ba ta taɓa shi ba. To, tocin da ka bar mini, lamba ashirin da shida, wallahi ya zame mini taɓarya. Kafin azahar wuyan hannuna ya yi tsami. Na ga wani ƙarami a Kano, lamba tara, bai fi biro da yawa ba, kansa yana lanƙwasuwa, zai shiga wuyan tulu ba gardama. Mai kayan ya ce yana saurin zafi in an ƙara masa wuta. Na ce masa ni ba gada zan haɗa ba, silba ce mai kaurin farce. Akwai kuma lamba sha bakwai, tsaka-tsaki. Wanne ka gani?

Kada ka ce lalaci ne, na san halinka. A gaishe mini da Inna.

Ɗanka,
Badaruddeen.

Gwarzo,
24 ga Yuni, 2024.

Bappa,

Assalamu alaikum. An yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Muna nan ƙalau.

Takardarka ta iso, kuma ba zan ɓoye maka ba, ta ɓata mini rai. Na tambaye ka toci, ka aiko mini layi biyu: kada in sayi komai, in zo Kabo ka ga hannuna, wai rubutuna ya canja. Haba Bappa! A kan bencin shago na rubuta, kuma ka san ƙafarsa ɗaya gajeruwa ce tun zamaninka. Na je Kano na sayo lamba tara.

Ranar farko na ji daɗinsa kamar an sauke mini buhu. Amma akwai abin da na kasa ganewa. Allurar ba ta tsayawa. Ina cikin tafiya sai ta tsunduma cikin ƙarfen, wutar ta tarwatse, ɗinkin ya yi baƙi, dole in kashe in zare ta in wasa a giranda. Da can wasawa ɗaya tana kai ni kwana biyu. Jiya sau goma sha uku na wasa kafin la'asar, allurar ta koma kamar tsinken sakace. Na canja tukunyar gas, na canja gilashin fuska, na tsine wa mai kayan har na gaji. Tulu biyu kawai na gama, su ma ban so ka gan su.

Zinnira ta ce wai ta lura cokali yana kaɗawa a bakin kofi in ina juya shayi. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba a shekara ashirin. Tun ranar ta daina cika mini kofi.

Furera ta zo sau biyu. A jarkar roba suke zuba madara yanzu, kafin motar ɗauka ta iso madarar ta yi tsami. Na yi mata alkawarin Juma'a mai zuwa. Ka sa ni a addu'a, tocin ne bai saba da ni ba.

Naka,
Badaruddeen.

Gwarzo,
15 ga Yuli, 2024.

Bappana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya. Za ka ga rubutun ya yi kyau. Na Zinnira ne, ni faɗa kawai nake yi.

Ka yafe mini takardar baya. Kai ka gani daga Kabo da idonka guda, ni da nake ɗauke da hannun na ƙi gani.

Ranar Juma'ar da na yi alkawari, Furera ta zo da sassafe ta zauna a benci tana jira. Na ɗauko tulu na uku, na sa toci a wuyansa. Hannun ya kama rawa, na danne shi da gwiwa, ya ƙi. A gabanta na huda tulun, rami har ɗan yatsa yana shiga. Na ɗaga gilashi ina neman abin da zan ɗora wa laifi, sai na ga ba tulun take kallo ba, hannuna take kallo. Sannu kawai ta ce mini. Bappa, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan ta tafi na ciro tsohon tocinka na ɗaura. Sai rawar ta lafa. A nan na gane wautata. Nauyin da nake tsinewa shi ne yake riƙe mini hannu, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Tsamin da nake ji a wuyan hannu kuwa kokawa ce nake yi da hannuna ban sani ba. Ni da kaina na je Kano na sayo abin da zai tona ni. Da rawar ta lafa na yi murna na ce shi ke nan, na koma babban toci. Ko tsawon ɗan yatsa ban ɗinka ba rawar ta dawo ta ƙarƙashin nauyin.

Mun je asibiti da Zinnira. Likita ya sa na miƙa hannuwa, ya sa na zana da'ira a takarda. Ya ce magani zai rage, ba zai kawar ba. Noma zan iya, kiwo zan iya, aikin allura kuwa ya ƙare. Shekarata arba'in da shida, Bappa.

Shekaranjiya na ɗora tulunan a mota na mayar Dugabau, na ba Furera sunan wani mai waldar agon a Kano. Tun da ka kafa shagon nan ba a taɓa mayar da aikin mutane ba a gyara ba, sai a hannuna. Zuciyata ta karye, ban san yadda zan faɗa ya fi haka ba. Zinnira ma na ba ta haƙuri, ga ta nan tana rubuta haƙurin da hannunta tana share ido.

Na rufe shagon jiya. Yau na idar da sallar asuba na sa rigar aiki, sai da na kai bakin titi na tuna. Na tsaya a wurin mutane suna gaishe ni suna wucewa, ban san inda zan dosa ba. Ban taɓa tambayarka ba, Bappa, kuma ina jin kunyar haka: ranar da idonka ya hana ka aiki ka ba ni mukulli, da gari ya waye, me ka yi da safiyar? Ka rubuto ka gaya mini, ko layi biyu ne. Wannan karon zan ji.

A gaishe da Inna, a roƙa mini addu'arta. Wassalam.

Ɗanka,
Badaruddeen.